Kaska Iri Biyu a Gwangwani Ɗaya

Ɗana na fari ya haura shekara arba'in ban taɓa kiran sunansa ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka na tarar ana yi. Uwata bafulatana ce daga wajen Maiyama, har ta koma ga Allah ban ji sunan babban yayanmu a bakinta ba. In tana son ya ɗebo ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Gidan ga babu mai hannu?" Shi kuwa ya san da shi ake. Da na haihu a Aliero, yaye kawai na yi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi. Daga hannunta ya tafi Jega wurin baffansa ya yi boko, daga nan makarantar koyon sana'a, daga nan Ikko. Labarinsa a bakin mutane nake ji, in yi kamar ban ji ba, in na shiga ɗaki in yi ta juya maganar ni kaɗai.

Ya dawo bayan rasuwar mahaifinsa. Lokacin an jima da yanke jiharmu daga Sakkwato, wayar hannu ta fara shiga aljihun dillalan albasa. Ya zo da mata da 'ya'ya uku da wani akwatin ƙarfe da ba ya bari kowa ya taɓa. A Ikko aikin wayar mota ya yi, irin motocin nan da ake cewa suna da ƙwaƙwalwa. Na ba su ɗakuna biyu na gabas. Ban ce masa sannu da zuwa ba. Na sa aka yanka zakara, na ce wa matarsa ta kai wa baƙi.

Matar, Amarya muke ce mata har yau duk da 'ya'yanta, ita ta zama hanyar maganarmu. In yana da abin faɗa mini sai ya ɗaga murya ya faɗa mata a tsakar gida. In ina da amsa in faɗa mata, ko in faɗa wa faifan da ke kan cinyata. Yarinya ce mai gudun fitina, duk maganar da ta bi ta bakinta sai ta fito da sanyi fiye da yadda ta shiga. A lokacin ina ɗaukar wannan a alheri.

Ni sana'ata irin albasa. Tun ina budurwa nake sussuke kan albasa, in sheƙe, in zauna in tsince. Irin baƙi ne, ƙanana, kuma masu ha'inci kan gauraya sabo da na bara wanda ya riga ya mutu. Na bara yakan dushe, ba ya ɗaukar ido. Daga Dangamaji har Kuberi manomi kan aiko da ƙullin iri a ce a kai wa tsohuwar nan ta duba kafin ya zuba a ƙasa. Ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma abu ƙarami in ya saɓa wa ɗan'uwansa, idona ba ya wuce shi.

Wata safiya da bazara ta fara zafi, ana ta cirar albasa a fadama, ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar gidanmu ya buɗe akwatin. Ina gefe da faifaina.

Ya ce, "Amarya, kin san mi ka kashe albasa cikin rudu?"

Ta ce, "Ni ɗiyar cikin garin Jega ta, albasa cikin miya nis san ta."

"Zahi da damshi. Daga tsakiya taka soma ruɓewa. Kahin hanci ya ji, rabin rudu ya tahi."

Na ce wa faifai, "Hancin wasu dai."

Bai juyo ba, ya ci gaba da yi wa matarsa bayani. Rudu, ga wanda bai sani ba, rumfa ce ta itace da kara da muke ɗagawa daga ƙasa mu jibge albasa a ciki, a rufe da ciyawa, a jira ta yi daraja. Shi so yake ya sa ɗan akwati kamar na ashana a cikin kowane rudu, mai jin zafi da damshi. Waya biyu murɗaɗɗu kamar igiya za su bi daga wannan rudu zuwa wancan, har su ƙare a babban akwati a zauren mai albasa, wanda zai nuna rudun da ya fara ɗumi. Ya ce haka sassan mota suke magana da juna, kowa a kan wayar nan biyu, ɗaya na magana sauran na saurare. Wani Alhaji a Kuberi mai rudu goma ya yarda a gwada a wurinsa. In ya yi, manoman yankin za su biyo.

Sai ya rage murya kaɗan, amma ba yadda ba zan ji ba. Ya ce, "Maigidana na Ikko ya sake kira. Wurina na nan har ƙarshen bazara. In aikin Kuberi ya yi, mun zauna gida ke nan. In ya ƙi, ki hwara ɗaurin kaya."

Ban ɗaga kai ba. Ƙwaya ɗaya na tsinta na mayar, na sake tsinta, har sau uku.

A cikin kowane ɗan akwati akwai wani faranti kore da ake liƙa wa ƙananan abubuwa da dalma. Ɗaya daga cikinsu shi ne baki da kunnen akwatin, shi ke sa magana a kan waya, shi ke jiyo ta. Yana da suna da Turanci wanda harshena bai taɓa yarda da shi ba. Baƙi ne, bai kai ƙwayar wake ba, da ƙafa takwas, huɗu nan huɗu can. Ni da na tashi cikin shanu, da na hango shi na ce kaska. Yara suka ɗauka, har shi ma ya koma cewa kaska.

A kan kaskar nan ya kwashe mako guda yana kai da komo. Ya zo da ragowar wasu daga Ikko, irin na mota, waɗanda ya ce wuta mai ƙarfin awo biyar suke ci. To farantin da ya zana sabo ne, ƙwaƙwalwarsa uku da ɗan ɗori take ɗauka, don batiri ya jima a daji inda babu lantarki. In ya bar tsohuwar kaska, sai ya ƙara wani abu da zai ɗaga mata wuta zuwa biyar, sannan ya ƙara wani da zai tare kada ta mayar wa ƙwaƙwalwar da biyar ɗin a kunne ta ƙona ta. In ya canza, sai ya nemo wadda ke ƙoshi da uku. Kullum da hantsi sai ya je jikin katangar yamma inda waya ke kamawa, ya yi ta magana da wani mai sayar da kayan a Ikko, rabi Turanci rabi faɗa. Ya dawo ya zayyana wa Amarya tana tankaɗe.

"Iri ukku gare shi. Guda mai araha, amma in waya ta taɓa batir ta mace. Guda mai ƙarhi, amma sai an jira wata biyu. Ta ukku tana barci in babu magana, ba ta shan batir."

Amarya ta ce, "To ka ɗauki mai barcin mana, ta yi daidai da gidan ga."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba, amma na ji daɗin jin dariyarsa a gidan ubansa.

Mai barcin ya zaɓa. Sai da ya sake kira sau biyu ya tabbatar ƙafafunta sun zauna daidai inda na tsohuwar ke zama, kuma za ta iya doguwar waya. Ranar kasuwar Jega wani direba ya kawo saƙon, cikin wata siririyar baƙar leda mai ramuka, kowace kaska a raminta.

A nan zan faɗi abin da na riga kowa gani. Idonsa ya fara rauni. Ba makanta ba, irin na shekaru. In zai duba abu ƙarami sai ya miƙe hannu nesa, ya ƙanƙance ido, ya ce hasken gidan nan bai da kyau, alhali rana tana tsaka. Gilashin da yake ƙara girman abu da shi ya fashe a hanyar dawowa, bai sayi wani ba. Mutum mai 'ya'ya uku da ke son nuna wa garinsu ya iya, ba ya son a ce masa ya tsufa. Na gani na kau da kai, don ba hurumina ba ne.

Yana da gwangwanaye biyu na man zafi, iri ɗaya. Ɗaya na tsofaffin kaska, murfinsa da ɗan tsatsa a gefe. Ɗaya wofi, ya tanade shi don sababbi. Ranar ya zazzage sababbin duka a farin faranti na shayi, ya liƙa biyu, ya gwada, suka yi magana da juna, har ya kira Amarya ta ga fitila tana ƙyaftawa. Ana kiran la'asar sai iska ta taso, irin mai zuwa da ƙasa kafin ruwan farko. Ya yi wuf ya jawo gwangwani ya juye farantin a ciki ya rufe. Mai tsatsa ya jawo. Wofin ya jefa a akwati bai buɗe ba. Ya sa hula ya fita masallaci.

Na jima zaune. Sannan na tashi, gwiwoyina suna ƙara, na je na buɗe. Ban taɓa da hannu ba, don na ji ya gargaɗi yara cewa ko taɓin yatsa yana iya kashe su. Na karkata gwangwanin wajen haske. Ga su nan a gauraye. Ga wanda ya duba sama-sama duk ɗaya ne. Amma sabuwar tana da ɗan rami a kusurwa, rubutunta layi uku, fari-fari. Tsohuwar babu rami, gefe ɗaya ne a zaftare, rubutunta layi biyu, kuma baƙinta ya dushe. Da a faifaina suke, kafin ya idar da salla na raba su.

Na rufe na mayar inda ya aje. In na raba, ya san na shiga kayansa, ya kuma san na ga abin da yake ɓoyewa. Na ce bari in bi hanyar da muka saba.

Na kira Amarya ɗakina. Na ce, "Ki hwaɗa ma maigidanki kaskarshi ta gauraya. Tsohi da sabbi gwangwani guda. Ya raba su kahin ya liƙa."

Ta zaro ido. "Inna, ya za a yi bai gani ba?"

"Ba tambaya nic ce ki yi ba."

Washegari da safe ya zauna aiki. Ina ɗaki, asabari a sake, ina jin komai. Ta kawo masa kunu, ta tsaya tana murza gefen zane. Ta ce, "Inna ta ce a yi a hankali da 'yan ƙananan ga, kada su haɗe."

Ya ce, "Ki ce mata an gode. Suna cikin gwangwaninsu."

Shi ke nan. Na ji maganata ta isa babu ƙashi a cikinta. Tsakanina da shi taku goma ne. Ban san abin da ya riƙe ni ba in ba abin da ya riƙe uwata ba. Na zauna a bakin gado ina jin ƙamshin dalma yana shigowa, ina ƙirga su a raina duk sanda ya ɗauki ɗaya da ɗan hantsakinsa.

Da rana ta yi na fito da faifai na zauna kusa fiye da yadda na saba. Na ce wa kazar da ke tsattsagar ƙasa a gabana, "Mai zuba iri biyu cikin ƙwarya guda, gona ka ba shi labari."

Ya tsayar da hannu. Na ga wuyansa ya yi tauri. Tun da ya fara aikin nan bai ji komai daga gare ni ba sai habaici, yau hanci, gobe kakanninmu ba su san waya ba kuma ba su kwana da yunwa ba. Ni a wurina wannan ita ce hanyar da zan sa baki a abinsa ba tare da an ce na damu ba. Shi a wurinsa raini ne. Don haka wannan ma a cikin sauran ya jefa ta.

Ya ce, "Amarya, zo ki gani." Ya jona akwatunan duka da 'yan gajerun wayoyi a kan tabarma, ya kunna. Fitilu suka yi ta ƙyaftawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga murya. "Duk goma suna magana. Wanda ke da shakka ya zo ya duba."

Na duba daga inda nake. Lallai suna ƙyaftawa. Sai na fara zargin kaina. Na ce wataƙila bambancin da na gani na fata ne kawai, kamar jar albasa da fara, duk albasa ce. Me tsohuwa mai tsintar iri ta sani a kan wuta? Raina bai kwanta ba, amma na sami abin da zan rufe bakina da shi, na kuwa rufe.

Alhajin Kuberi ya aiko cewa an fara jibga albasa, in za a sa waya a zo yanzu kafin a rufe. Ya ɗaure kayansa a bayan babur da sassafe ya tafi. Na wuni ban tsinci abin kirki ba. Zafin ranar har ƙasa ke huci. Bayana ya riƙe, na kwanta a tabarma, na tashi, na sake kwanciya.

Kwana biyu ya yi. Rana ta uku da azahar na ji babur. Yadda ya shigo da shi yana turawa, bai kunna ba, na san amsa. Akwatunan na ɗaure a baya yadda suka tafi, sai dai yanzu duk ƙasa. Ya zauna a turmi, Amarya ta kawo ruwa.

Ya ce, "Da munka sa biyu na hwarko, lahiya lau. Muna jona sauran, duka sunka rikice. Guda ta yi ta surutun banza, sauran su yi shiru. Kwana biyu ina bin waya taku-taku."

"Alhajin fa?"

"Ya tara mutane su ga abin mamaki. Wani tsoho yac ce, 'Injiniya, ko sai an yi musu tohi?' Anka yi ta dariya. Shi Alhaji bai yi ba. Fura yab ba ni, yac ce Allah ya sa rabo na gaba."

Kwana uku ya yi yana neman laifin inda babu shi. Ya zargi tsawon waya. Ya zargi batiri. Daga ƙarshe ya koma jikin katangar yamma ya kira mai kayan nan na Ikko, ya ce jabu ya sayar masa. Ban ji Turancin ba amma na ji muryar, na kuma ji inda ya koma Hausa don haushi ya ce Allah ya isa. Wannan ce na kasa jurewa. Ga bawan Allah can a wata uwa duniya ana ja masa Allah ya isa a kan abin da ni na san ba shi ya yi ba.

Washegari ya tafi Jega neman wata waya. Yana fita na ce wa Amarya ta fito mini da kayan duka.

Ta ce, "Inna, ya hana a taɓa."

Na ce, "Ke ya hana."

Na zari tsinke ɗaya a sabuwar tsintsiya. Na juye abin da ya rage a gwangwanin a kan farin farantin, na yi ta turawa da tsinke, masu rami dama, marasa rami hagu. Sannan na sa ta buɗe akwatunan goma ta jera a hasken rana. Na bi su ɗaya-ɗaya. Bakwai da mai rami. Uku da tsohuwa. Na ja ukun gefe, na ɗora wa kowane tsinke a kai. Duk aikin bai kai dahuwar shayi ba. Na koma ɗaki na saki asabari.

Ya dawo bayan azahar. Na ji takunsa ya tsaya cak.

"Wa yat taɓa min kaya?"

Amarya ta ce da ƙaramar murya, "Inna ta."

Sai na ji ya sake fita da babur. Na ce to, ya yi fushi, ya tafi ya huce. Ashe wurin mai gyaran agogo ya je ya aro gilashin da ake maƙalawa a ido. Ta tsakanin karan asabari na gan shi durƙushe, ido ɗaya a rufe, yana ɗaga kaska yana karantawa yana ajewa. Ya bi na dama duka. Ya bi na hagu duka. Ya duba ukun da na ware, ya duba bakwan da na bari. Bai canza wa ko ɗaya wuri ba.

Ya cire gilashin ya jima yana murza ido. Sannan ya taso ya zo bakin ƙofata ya tsuguna. Tunda ya dawo, gaisuwar safe daga nesa yake yi, ya ce an kwana lafiya, in ce lafiya, ba mai duban wani. Ranar ya ce, "Inna."

Na ce, "Ina ji."

"Yaushe kig gani?"

"Ran da iska tat taso."

Ya yi lissafi da baki. "Kwana tara ke nan."

"Na aika."

"Cewa anka yi in yi a hankali."

"Na ji abin da anka ce maka."

Ya ɗago kai, duk da asabari na tsakaninmu. "Kin ji?"

"Na ji."

Na jira ya ce wani abu mai zafi. Da ya faɗa da na ji sauƙi. Bai faɗa ba. Sai ya shiga yi mini bayani, ni da kaina ba ta bakin kowa ba, da murya irin ta wanda ya gaji. Ya ce tsohuwar in an ba ta uku maimakon biyar ba ta mutuwa, yunwa take ji. A gajeriyar waya tana iya motsa baki har a ɗauka lafiyarta lau. In waya ta yi tsawo muryarta ba ta isa, sai ta yi ta ɓata maganar kowa, shi ya sa duka suka tsaya. Na ce na gane. Ya ce zai kira mutumin Ikko ya nemi gafara. Na ce ya kyautu. Ya ɗan ƙara zama kamar akwai saura, ni ma akwai saura a bakina, amma ba wanda ya san ta inda ake farawa. Ya tashi.

Kafin magariba ya cire ukun ya liƙa sababbi, gilashin agogo a ido. Ya ja wayar nan doguwa ta zagaye gidanmu sau biyu, ta fita ta baya har rudun maƙwabci, ya jona duka goma. Suka yi magana, ba wadda ta yi gardama. Ya bar su har washegari, ba su fasa ba. Yara suna ta tsalle. Shi ko murmushi bai yi ba.

Ya koma Kuberi. Ni na san abin da zai tarar, don na fi shi sanin albasa. In an jibge ta an rufe ta kwanta, ba a sake buɗewa a tura hannu da waya, duk wadda ta ƙuje ita za ta fara ruɓewa ta ja sauran. Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya saurari bayanin, ya ce ya yarda, amma ruduna sun rufu sai baɗi in da rai. Ya zaga Maiyama ya zaga Dangamaji, ko'ina an rufe, kuma labarin tofi ya riga shi isa. Mai iyali ba ya zama shekara guda yana jiran baɗi.

Ruwan farko ya sauka ran Laraba, ya tafi ran Asabar. Ya bar Amarya da yara har sai ya sami ɗaki a Ikko. Ya zo ya tsuguna a ƙofata da jakarsa ya ce zai kama hanya. Na ce Allah ya tsare. Ban fito ba. Ina jin ƙanwarsa, autata, tana rakiya har bakin titi tana kuka tana kiran sunansa yadda ta ga dama.

Bayan wata biyu ya aiko su taho. Ranar tafiya an gama fitar da kaya, mota na jira a waje, Amarya ta shigo ɗakina ta durƙusa. Sai hawaye.

Ta ce, "Inna, ki gahwarce ni. Ban hwaɗa mishi yadda kic ce ba. Na ji nauyin in ce mishi bai gani."

Na dube ta. Yarinya ce da aka ɗora wa kayan da ba nata ba, shekara guda tana ɗauka tsakanin mutum biyu da ke da bakinsu.

Na ce, "Tashi. Ke nauyin miji kij ji, wanga kowa ya san shi. Ni ina ji kin rage, ina zaune."

"Da na sani..."

"Tashi, na ce. Direba ba ya jiran da-na-sani."

Ta share fuska da gefen mayafi ta gyara goyo. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ko akwai saƙo. Na ce akwai kuka da daddawa a ƙullin da ke kan buhu, kada ta bari su jiƙe a hanya. Ta ce ban da wannan fa. Na ce ta tafi, rana na yi.